Enchiridion Indulgentiarum: littafin da ya kamata ya zauna kusa da tsohon littafin addu'arka

Duk wanda ke riƙe da tsohon littafin addu'a na Katolika ya san ƙananan rubutun nan da ke ƙarƙashin addu'o'i: "kwana 300", "shekara 7", "cikakken rangwame sau ɗaya a wata". Nawa na gado ne, bakin shafukansa ya yi baƙi saboda hannu, kuma a ƙarƙashin gajeriyar addu'ar nan "Yesu nawa, ka yi jinƙai" an rubuta kwana 300. Rangwame a nan shi ne sassaucin da Ikilisiya ke yi wa horon da ya rage a kan mutum bayan an gafarta masa zunubi. Don in san matsayin waɗannan alƙaluman a yau na sayi Enchiridion Indulgentiarum, littafin dokokin rangwame na Ikilisiyar Katolika, bugu na 4 na shekarar 1999, wanda ofishin fadar Paparoma mai kula da rangwamen horon zunubi ya fitar. Ban yi nadamar sayensa ba.

Littafin siriri ne. A gaba akwai ƙa'idoji 26, sai manyan hanyoyin samun rangwame guda 4, sai wasu 33, a ƙarshe kuma cikakkiyar takardar Paparoma Paul na 6, Indulgentiarum Doctrina, ta 1 ga Janairu 1967. Shawarata a fara karantawa daga wannan takarda ta ƙarshe, domin a can amsar take. Wannan takarda ce ta soke ƙidayar kwanaki da shekaru. Dama can ba kwanakin Purgatori (inda ake tsarkake rayukan matattu kafin su shiga sama) ake nufi ba, kamar yadda da yawa suka ɗauka. Ana nufin kwatankwacin kwanakin horon tuba da Ikilisiya ta dā ke ɗora wa mai zunubi. Yanzu rangwame iri biyu ne kawai, cikakke da na wani ɓangare. Awon na ɓangaren shi ne: gwargwadon sassaucin horon da aikinka ya samar maka a gaban Allah, Ikilisiya ta ƙara maka daidai wannan. Ke nan mai addu'a da zuciya ɗaya ya fi mai rattabawa da baki samu, ko da kalmominsu ɗaya ne.

To ina makomar tsofaffin addu'o'in? Tarin da ake kira Raccolta, wanda aka fara bugawa a Roma a 1807, ya ƙunshi ɗaruruwansu. Tun da bugun farko na sabon littafin, wato Enchiridion, ya fito a 1968, duk wani rangwame na gama-gari da ba a shigar cikinsa ba ya daina aiki. Da farko wannan ya sosa mini rai. Amma da na zauna kan manyan hanyoyin nan huɗu, hankalina ya kwanta. Ta farko ta ba da rangwame na ɓangare ga wanda, yana cikin aikinsa ko cikin wahala, ya ɗaga zuciyarsa ga Allah da tawali'u ya ƙara gajeren kira, ko da a zuci ne. "Yesu nawa, ka yi jinƙai" ta shiga nan sarai. Sauran ukun su ne taimakon mabuƙaci da jiki ko da dukiya, hana kai wani abu halal don tuba, da shaida bangaskiya a gaban mutane, wadda aka ƙara a 1999. Haka nan duk addu'ar da Ikilisiya ta amince da ita zuwa ga Budurwa Maryamu tana da rangwame, addu'o'in da ake kira Memorare da Salve Regina an kawo su ne a matsayin misali.

Inda ake buƙatar lura shi ne cikakken rangwame. Ɗauki addu'ar nan da ake yi a gaban gicciye bayan karɓar Jibi (Jibin Ubangiji), "Ga ni, ya Yesu mai kirki". A tsohon littafina tana da cikakken rangwame duk ranar da aka yi ta bayan Jibi. A yanzu sai ranakun Juma'a na lokacin azumi, sauran ranaku na ɓangare ne. An kuma daina samun cikakken rangwame fiye da sau ɗaya a rana, in ba a bakin mutuwa ba. Ayyukan da ake iya samun cikakken rangwame da su kowace rana sun haɗa da Rosari (addu'ar carbi) a coci ko cikin iyali, Hanyar Gicciye (ibadar bin matakan wahalar Yesu), rabin awa na sujada a gaban Sakramenti Mai Tsarki (gurasar Jibi da aka tsarkake), da rabin awa na karatun Littafi Mai Tsarki. Ziyarar maƙabarta daga 1 zuwa 8 ga Nuwamba domin matattu tana nan. Sharuɗɗan kuwa littafin bai ɓoye su ba: furta zunubi, karɓar Jibi, addu'a domin niyyar Paparoma (Ubanmu ɗaya da A Gaishe Ki Maryamu ɗaya sun isa), sai kuma mafi wuya, zuciya ta rabu da son kowane zunubi, har ƙarami. In wannan bai cika ba, rangwamen ya koma na ɓangare.

Abin da ban ji daɗinsa ba guda ne, amma babba ne. Babu wani jadawali da ya ce addu'a kaza ta dā ta koma ƙarƙashin lamba kaza. Sai ka buɗe littattafai biyu a gabanka kana bi ɗaya bayan ɗaya. Harshen ma na doka ne, tsoho ko sabon shiga zai buƙaci Fada ko katekist ya zauna da shi. Ina kuma jan kunnen masu sayen tsofaffin littattafan da ake sake bugawa: wasu na fitowa da alƙaluman kwanakin yadda suke, ba ko layi ɗaya da ke gaya wa mai saye cewa doka ta sauya tun 1967. Wannan rashin adalci ne ga mai ibada.

Duk katekist da shugaban ƙungiyar addu'a ya kamata ya mallake shi, kuma ya duba shekarar bugu kafin ya biya, domin na 1968 mai ɗauke da hanyoyi 70 a maimakon 33 yana yawo har yanzu, kuma babu hanya ta huɗu a cikinsa.