Ƙaramin faifan SSD na masana'antu a cikin kwamfuta marar fanka

Faifan ajiyar bayanan kwamfuta da zan yi bayani a kansa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, domin faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa kuma milimita 42, wanda shi ne ma'anar lambar 2242 da ake laƙaba wa wannan girman na M.2, wato siffar faifan da ake sokawa kai tsaye a gurbin da ke kan allon kwamfuta. Na dasa shi ne a cikin wata 'yar kwamfuta marar fanka da ke rufe a akwatin ƙarfe kusa da injina, wadda aikinta shi ne karɓar bayanan na'urorin auna zafi da jijjiga dare da rana, ta tace su a nan inda take, sannan ta aika da taƙaitaccen sakamako zuwa babbar cibiya. Babu mai zama a gaban irin wannan kwamfutar, kuma sai a shafe watanni ba a buɗe akwatinta ba, saboda haka abin da ake nema a wurin faifanta shi ne juriya kafin komai. Kamfanoni irin su Swissbit da Innodisk da ATP da Transcend duk suna ƙera irinsa, amma siffofin faifan sun fi sunan maƙerinsa muhimmanci ga mai zaɓe.

Batun sauri ba ya buƙatar dogon bayani. Faifan yana aiki da hanyar haɗi da kwamfuta da ake kira SATA ta uku, wadda ƙarshen gudunta a aikace bai wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa ba, alhali faifan NVMe, wanda ke bi ta wata hanyar haɗin daban mai suna PCIe, yana ninka hakan sau da yawa. Sai dai NVMe ya fi cin wuta da ɗaukar zafi, kuma a cikin akwatin da iska ba ta ratsa shi yakan rage gudunsa da kansa domin kada ya lalace. Abin da ya fi kamata a duba shi ne gurbin da za a soka shi: wannan faifan yana da tsaga biyu a bakinsa, waɗanda ake kira B da M, don haka yana shiga gurbi iri-iri lami lafiya, amma shiga ba ita ce aiki ba, tun da akwai gurbin da PCIe kaɗai ke bi ta cikinsa, wanda ba zai taɓa ganin faifan SATA ba. Littafin bayanin allon kwamfutar ne kawai ke raba wannan gardama.

Inda faifan ya burge ni shi ne nau'in ƙwayoyin ajiyarsa. Kowace ƙwaya a cikin SSD tana da iyakar yawan gogewa da sake rubutun da za ta jure kafin ta gaji. Ƙwayar SLC tana riƙe ɗigon bayani ɗaya tak, MLC biyu, TLC uku, kuma duk lokacin da aka ƙara cusa mata bayani, juriyarta raguwa take yi. TLC ta masana'antu ana yawan ƙiyasta mata zagayen gogewa da sake rubutu 3,000. Wannan faifan TLC ne aka tilasta masa riƙe ɗigo ɗaya a kowace ƙwaya, dabarar da ake kira pSLC, wadda maƙera ke cewa tana kai juriyar zuwa wajen zagaye 30,000. Kuɗin wannan dabarar shi ne wuri, domin kusan kashi biyu cikin uku na ma'ajiyar ke tafiya, sai a ga ƙwayoyin da za su ba da gigabait 128 sun koma kimanin 40. Da farko na ji zafin hakan, sai da na yi lissafi na huce. Kwamfutar da ke rubuta gigabait 20 a kullum za ta rubuta terabait 73 a shekara goma, kuma wannan adadin ma ba shi ne na gaskiya ba, domin faifai yana rubutu ne shafi-shafi amma yana gogewa gungu-gungu, ta yadda ƙananan rubuce-rubuce masu yawa, irin na na'urorin awo, ke sa ƙwayoyin su yi aiki ninkin abin da aka aiko musu, don haka juriyar ta fi mini wurin da ya tafi amfani.

Na gwada shi da ɗaukewar wuta ta hanyar zare wayar lantarki yana tsakiyar rubutu, na maimaita hakan sau da dama, kuma kowane karo kwamfutar ta tashi ba tare da wata tangarɗa ba. Idan aka juya faifan a tafin hannu za a ga jerin ƙananan kapasito a gefen allonsa, su ne ke riƙe 'yar wutar da za ta ishe shi ya kammala ajiye abin da ke hannunsa. A nan ya kamata mai saye ya karanta takardar bayani da idon basira, domin wasu faifan suna tallan kariya daga ɗaukewar wuta alhali tsofaffin bayanai kawai suke karewa, wanda ake cikin rubutawa kuwa ya tafi ke nan.

Zafin da aka amince masa ya fara daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa digiri 85 a ma'aunin Salshiyas, saɓanin faifan gida da aka saba ba shi daga sifiri zuwa 70.

Akwai kuma alƙawarin da maƙerin ya yi na cewa ba zai sauya ƙwayoyin ajiya ko guntun sarrafawa ko manhajar ciki ba muddin lambar samfurin ba ta canza ba, kuma zai ba da sanarwa kafin ya daina ƙerawa. Wanda bai taɓa shan wahalar wannan ba zai ɗauke shi ƙaramin abu. Ni kam na taɓa sayen faifan gida na wani kamfani kashi biyu, suna ɗaya, kwali ɗaya, amma kashi na biyu ya zo da wasu kayan ciki daban, har ya riƙa ɓacewa daga idon kwamfutar duk lokacin da akwatin ya ɗumama.

Ƙorafina a kansa biyu ne. Manhajar duba lafiyarsa, wadda ke karanta bayanan S.M.A.R.T., wato rahoton da faifan ke tarawa game da halin da yake ciki, ta nuna sauran kwanan ƙwayoyin, ta fi sauƙin amfani a Windows, alhali yawancin irin waɗannan kwamfutocin Linux suke ɗauke da shi, sai da na koma ga wata manhaja mai suna smartctl ina fassara lambobin da kaina. Na biyu kuwa, tsadarsa a kan kowane gigabait ta wuce ta faifan gida nesa ba kusa ba. Wanda zai tara bidiyon kyamarorin tsaro gara ya nemi TLC na masana'antu mai faɗin ciki, amma ga kwamfutar da ke ɗauke da manhajar aiki da rumbun bayanan da ake rubutawa ba dare ba rana, wannan ɗan faifan shi zan sake saye.