Haya, saye ko gini: wanne ya fi maka a Saudiyya?

Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Karantina da Sabil da Gulail da Bitrumin, inda Hausawa suka yi shekara da shekaru, zancen muhalli bai bar bakin mutanenmu ba. Kafin ka tambayi farashin komai, ɗan'uwa, duba takardar da ke aljihunka. Katin ɗan ƙasa ne ko igama, wato takardar izinin zama ta baƙo? Daga nan hanya take rabuwa.

Bahaushen da ke da jinsiyya, wato ɗan ƙasar Saudiyya, yana da ƙofar da ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa, wato shirin gidaje na gwamnati mai suna Sakani, wanda aka ƙaddamar a 2017 tare da asusun gwamnati na ba da rancen gina gidaje. Manufar ita ce a ɗaga yawan iyalan da suka mallaki gidan kansu daga kashi 47 cikin ɗari a 2016 zuwa kashi 70 a 2030, kuma tuni an haura kashi 60. A gidan farko, gwamnati ce ke ɗauke wa ɗan ƙasa harajin cinikin gida na kashi 5, matuƙar dai a cikin riyal miliyan ɗaya ne na farashin. Riyal 50,000 ke nan ya tsira. Banki kuma na iya ba da har kashi 90 na kuɗin, kai ka kawo kashi 10 kafin alƙalami.

Zaɓi na farko shi ne ginannen gida, galibi shugga, wato sashen gida a bene. Ya fi tsada, amma ranar da aka sa hannu ranar za ka daina biyan haya, kuma abin da idonka ya gani shi za ka samu. To, a gani da kyau. Buɗe kowane famfo, ɗaga kai ka dubi silin da ke ƙarƙashin banɗakin na sama, in ka ga sabon fenti a wuri guda ka tambayi abin da ya rufe. Hau rufi ka leƙa tankin ruwa. A Jidda kuwa, tsaya ka gaisa da mai shagon bakin layi, ka tambaye shi inda ruwa yake bi idan sama ta zubar. Wanda ya ga abin da ambaliyar Nuwamba 2009 ta yi wa unguwar Guwaiza ba zai raina wannan tambaya ba.

Na biyu shi ne sayen gida tun yana kan zane, kamar rukunonin da kamfanin gidaje na ƙasa, NHC, yake ginawa a bayan gari. Farashi ya fi sauƙi, biya kuma yana tafiya daki-daki yadda gini ke tashi. Sharaɗina a nan ɗaya ne, ba na sassautawa: aikin ya kasance da lasisin Wafi, tsarin gwamnati mai kula da sayar da gida tun yana kan zane, domin shi ne ke tilasta a zuba kuɗin masu saye cikin asusun amana, ba aljihun mai gini ba. Sai dai ka yi lissafin shekara biyu ko uku da za ka ci gaba da biyan haya kafin a miƙa maka makulli, ga nisa daga wurin aiki da makarantar yara da gidan iyaye. Mu mutanen zumunci ne. Suna da biki da gaisuwar rasuwa ba sa ƙarewa, kuma gidan da ya raba tsohuwa da maƙwabtanta na shekara arba'in yana da tsadar da ba a rubuta a takarda ba.

Na uku, fili da gini da kanka, na mai lokaci ne da sanin aiki. Ma'aikacin da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i, ba na ba shi shawarar wannan. Zawarawa da marayu da marasa ƙarfi kuma kada su kai kansu banki. Akwai gidajen tallafi da ake bayarwa ta hannun ƙungiyoyin agaji, da dandalin Jood Eskan da ke taimakawa da kuɗin haya.

In ni za a tambaya, magidanci mai yara da yawa da ke cikin haya ya ɗauki ginannen gida ko da ƙarami ne. Saurayin da har yanzu yake gidan mahaifinsa, shi ya dace da na kan zane.

Mai igama fa? Sakani ba nasa ba ne, gara a faɗa masa gaskiya. Abin da ke kare shi shi ne kwantiragin haya da aka yi wa rajista a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya. Wannan takarda kotu na zartar da ita kai tsaye, kuma biyan kuɗi ta cikinta yana barin shaida. Kada ka yarda da mai gidan da zai ce maka "mu yi ta fatar baki, na rage maka". Ranar da ya sami mai ƙarin kuɗi, ba ka da abin nunawa. Dillali ma ka nemi mai lasisi, la'adarsa a doka kashi 2.5 ce, sai in an rubuta wani abu daban. Mazauna Riyad sun sami sa'ida, domin a Satumba 2025 an hana ƙarin kuɗin haya a birnin har shekara biyar.

An kuma amince da sabuwar doka a 2025 da ta ba baƙi damar mallakar gida a wuraren da hukuma ta keɓe, amma Makka da Madina sharuɗɗansu daban ne, sun fi tsauri. Wannan hanya ta ɗan kasuwa ce mai ƙarfi. Wanda ke biya wa mata da 'ya'ya huɗu riyal 400 kowannensu duk wata na harajin zaman iyalan baƙi, riyal 24,000 ke fita daga hannunsa a shekara kafin a zo maganar haya.

Abin da na fi jin tsoro shi ne sayen gida da sunan wani ɗan ƙasa, aboki ko suruki ko kafili, wato wanda ya tsaya maka a igama. Zanen aro ba ya rufe katara. Ko mutumin amintacce ne, ran da Allah ya karɓi ransa gidan ya shiga gado, magada kuma takarda suke gani. Haka nake jin tsoron gidan da ba shi da sakki, wato takardar mallaka, komai araharsa. A rusau ɗin Jidda, mai sakki an biya shi fili da gini, wanda ba shi da shi kuɗin gini kaɗai ya samu. Saboda haka kafin riyal ɗaya ya fita daga hannunka, nemi lambar sakkin ka tabbatar da ita a Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a, sunan mai sayarwa ya yi daidai da na takarda, kuma babu jingina a kai.

Mai igamar da ya tara ɗan abin hannunsa, ina ganin ya riƙe hayarsa a Ejar, rarar kuma ya sayi fili a Kano ko Katsina ko Damagaram, takarda da sunansa, hotonta a wayarsa.