Wata 4 ina yoga a tsakar gida da manhajar salula: ga abin da na gani

Ciwon baya ne ya haɗa ni da yoga. Shekara 11 ke nan ina aikin sakatariya a wani biro da ke Plateau, nan Yamai, kullum gaban kwamfuta tun safe har la'asar, sannan in matsu cikin taksi zuwa Talladjé. Da sanyin da ya wuce ƙuguna ya riƙe, har ruku'u ya zame mini aiki. Lokotoro ya duba ni, aka ɗauki hoto, ya ce babu abin da ya goce, zama ne ya yi yawa. Ya rubuta mini magani na ƴan kwanaki, ya ce sauran maganin yana hannuna: in riƙa motsa jiki ina miƙe baya.

To a ina? Na san ana zuwa filin wasa na Seyni Kountché da yamma ana gudu da tattaki, amma mai yara 4 da tukunyar dare tana jiranta ba ta da wannan sararin. Ɗiyar yayata, da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ita ta karɓi salulata ta sauke mini wata manhajar yoga. Ta ce, "Tanti, minti 10 kawai kullum. In kin yi sati 2 ba ki ji sauƙi ba, mu goge ta." Ba zan kama sunan manhajar ba, don ba talla nake yi ba, kuma irinta sun cika Play Store.

Bari in fara da alherinta, domin yana da yawa. Da na buɗe, tambayoyi ta yi mini: shekaruna, inda ke mini ciwo, ko na taɓa yi, minti nawa nake da su. Sai ta haɗa mini darasi na masu farawa, ba ta jefa ni cikin na gwanaye masu tsayuwa da ka ba. Motsi 5 ne na fi amfana da su. Akwai wanda za ki durƙusa bisa gwiwa da tafin hannu, ki ɗaga gadon baya kamar kyanwa ta fusata, ki sake shi ƙasa a hankali tare da numfashi. Akwai na kwanciya rub da ciki a ɗago ƙirji, wanda suke kira na kumurci. Akwai gada, a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu. Akwai murɗa jiki a kwance. Na ƙarshe shi ne wanda suke ce wa zaman jariri: a zauna bisa dugadugai, a kai goshi ƙasa, a miƙa hannuwa gaba. Ranar farko da na yi wannan, na ji wani abu ya saki a ƙasan bayana, kamar an kwance ɗaurin zane da aka tamke tun safe. Sati na uku na tashi daga sujada ba tare da na dafa bango ba. Wannan kaɗai ya isa in gode wa Allah, in kuma yaba wa waɗanda suka ƙirƙira ta.

Agogon da ke cikinta ma ya burge ni. Tana tara mintocin mako, tana nuna miki saura nawa ki kai 150, wato mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki a sati. Ban cika kaiwa ba, amma ganin adadin yana hawa yana sa in ƙara himma.

Sai dai tun a satin farko na gane wanda ya zana wannan manhaja bai taɓa tunanin mace irina ba. Ya ɗauka ina da ɗaki shiru ni kaɗai, da intanet da ba ya yankewa, da katin banki a jaka. Ni kuwa tsakar gida nake yi, bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, don a watan Afrilu zafin Yamai yana haura digiri 40 da rana, ɗaki ba ya zaunuwa. Nakan jingina salular da kwanon sha bisa turmi. Da zarar na kai goshi ƙasa na daina ganin allo, sai muryar malamar, ita kuma faransanci ne aka ɗora bisa turanci, cike da sunayen gaɓoɓi da ko ni da na yi lakwal sai na tsaya na yi tunani. In na ɗago kai in leƙa hoton, wuyana ya murɗe, motsin ya ɓaci. Da murya ce ta Hausa ko Zabarmanci tana cewa "ja numfashi, sake, sauke kafaɗa", da rabin wahalar ya tafi, da kuma Innata, da gwiwa ke damu, ta iya bi.

Bidiyon kuma cin mega gare shi. Forfen da kan kai ni sati ya ƙare cikin kwana 3. Akwai damar sauke darussa a ajiye cikin salula, amma sai wanda ya biya, kuɗin kuwa yuro 10 a wata, kusan jika 6 da rabi ke nan, tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. Ko na yarda zan biya, hanya ɗaya suka buɗe, katin banki. Mu da muka saba tura kuɗi ta salula ko ta gidajen aike na unguwa, ba a bar mana ƙofa ba. Sai da ƙanena da ke aiki a Faransa ya biya mini wata 3. Abin da ya fi sosa mini rai: na jera kwana 26 ban fashi ba, wata asuba wuta ta ɗauke, layi ya tafi, na yi darasina daga ka, amma manhajar ba ta ƙirga ba, ta maida ni sifiri. Na ji zafin wannan sosai, domin aikin na yi shi.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Wata safiya Inna ta fito alwala ta tarar da ni goshi a ƙasa, na ba alƙibla baya. Ta tsaya da butarta ta ce, "Ke, wace irin salla ce wannan?" Na ce, "Inna, ba salla ba ce, maganin baya ne." Ta yi shiru, ta ce, "To ki dai san abin da kike yi." Maganar ta zauna mini, na je na bincika. Yoga daga Indiya ta fito, kuma tushenta yana haɗe da addinan can, musamman Hindu. Yau duniya ta karɓe ta a matsayin motsa jiki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni, aka fara bikin a 2015. Amma akwai jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, kuma wasu darussan suna buɗewa da furta kalmar "om" ana haɗa tafin hannu a ƙirji. Manhajar ta zuba mini su haka nan, babu bayani, babu maɓallin cirewa. Ni Musulma ce, ba zan gai da rana ba, ba zan furta abin da ke ibadar wasu ba. Na ɗauki miƙe jiki da numfashi, na bar sauran, kuma bayana bai rasa komai ba. Kiɗan da ke ƙasa ana iya kashe shi, wannan na yaba. Tufafin malamar kuwa ya sa ba na buɗe ta in maigida ko ɗana babba suna kusa. Da zane ne na mutum-mutumi da ya wadatar.

Tunatarwarta ma agogo kawai ta sani. Na taɓa gwada sa ƙarfe 7 na yamma, sai ta riƙa ƙara ana kiran magariba. Da za a ɗaura ta da lokutan salla, a ce minti 20 bayan asuba, da ta bi rayuwarmu yadda take. Da azumi ya zo kuwa babu wani darasi mai sauƙi na mai ƙishirwa, ni na rage wa kaina, na koma yi bayan tarawihi.

Ga mai son gwadawa: kada ki yi bisa tabarmar roba a kan siminti, tana zamewa, na kusa bugun haɓa. Bargo mai kauri a ninka biyu ya fi. Zane ba ya yi, sai wando mai faɗi. Mai ciki, da mai hawan jini, da wadda ciwon ke sauka mata har ƙafa, su fara ganin lokotoro, domin gargaɗin manhajar ƙaramin rubutu ne da ake wucewa ba a karanta ba.

Ina fata cikin matasanmu masu karatun kwamfuta wani ya ɗauki wannan aiki, ya zauna da masu gashin ƙashi na asibiti da mata irina kafin ya zana komai. Kuɗin da ƙanena ya biya zai ƙare ƙarshen watan nan, kuma ba zan sabunta ba. Na kwafe motsin nan 5 a bayan wani tsohon kaye na ɗiyata, kowane da adadin numfashinsa, da Hausa. Maƙwabciyata mai ɗinki ta are shi jiya, ta ce gobe bayan asuba za ta shigo mu yi tare.