Daskarewa ko ƙuna: amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan zuciyar maigidanta

Hajiya, kin ce likitan zuciya a nan Jos ya gano bugun zuciyar Alhaji ya rikice, ɗakunan sama na zuciyar suna karkarwa maimakon su buga, an kuma ba ku zaɓi tsakanin aikin daskarewa da na ƙuna. Kina so ki san wanne ya fi. Allah ya ba shi lafiya.

Duka biyun gida ɗaya suke nema. Tun 1998 likitoci a Bordo ta Faransa suka gano cewa tartsatsin lantarkin da ke tayar da rikicin yawanci daga bakin jijiyoyi huɗun da ke kawo jini daga huhu yake fitowa. Sai a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, a yi wa bakin kowace jijiya katanga ta tabo. Mai ƙuna yana ɗiga zafi ɗigo-ɗigo har ya zagaye, kamar mai ɗinkin hannu, don haka ƙwarewar likita tana da nauyi ƙwarai. Mai daskarewa kuwa balan-balan ce mai faɗin milimita 28, a toshe bakin jijiyar da ita, a sanyaya ta ƙasa da sifiri da kusan digiri 40 zuwa 50, minti uku zuwa huɗu, zagayen ya kammala a lokaci guda.

A gwajin da aka yi a Turai kan majinyata 762, wanda ya fito a 2016, sun tashi kunnen doki: ciwon ya dawo wa kusan kashi 35 cikin ɗari a kowane ɓangare cikin shekara. Daskarewa ta fi sauri. Illarta ita ce sanyin yakan taɓa jijiyar da ke motsa tsokar numfashi ta dama, mutum ya riƙa haki, ko da yake galibi yana warwarewa da kansa. Ƙuna kuma an fi tsoron ta ji wa hanyar abinci da ke bayan zuciya rauni, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana da muni.

Sai dai abin da ya fi damuna ba ki faɗa ba: rikicin Alhaji mai zuwa ya tafi ne, ko ya zauna? Idan yana lafawa cikin kwana bakwai, mai zuwa ya tafi ne, kuma wancan gwajin a kan irinsa aka yi. Har wani gwaji a Kanada ya nuna fara masa da daskarewa ya fi fara da ƙwayoyi. Idan ya wuce mako bai lafa ba, ya zama mai zama. A nan ɗakin hagu na sama ya riga ya fara buɗewa da taurara, tartsatsin ba a bakin jijiyoyi kaɗai yake ba. Amurka ta amince da balan-balan ga mai zuwa ya tafi a 2010, amma ga mai zama sai 2020, kuma cikin masu irin wannan da aka yi wa aikin, waɗanda suka yi shekara guda ciwon bai dawo ba sun ɗan haura rabi ne kawai. Wasu likitocin sun fi son ƙuna a nan saboda tana iya ja layi a wasu wuraren. Shi ya sa jinkiri ke ba ni tsoro, mai zuwa ya tafi yakan rikiɗe ya zauna.

Kafin ku fara lissafin kuɗin Abuja ko Indiya, a yi masa hoton eko, wato hoton da ke nuna ɗakunan zuciya da ƙofofinta. A wajenmu sau da yawa tushen matsalar hawan jini ne, ko ƙofar zuciya da zazzaɓin gaɓoɓi ya tsuke tun yarinta, kuma idan ƙofar ce, ita za a fara dubawa. Maganin tsinka jini kuma kada ya ajiye shi da kansa ko da bugun ya daidaita bayan aikin, aƙalla wata biyu dole ne, abin da ya biyo baya likita zai yanke bisa haɗarin shanyewar ɓarin jiki.