Fawa Banki Mai USB-C Ko Mai Inbata: Wanne Ya Dace Da Laftof?

Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, mai laftof yana da zaɓi biyu: fawa banki mai USB-C PD (tsarin caji mai ƙarfi ta kafar USB-C), ko babban batir mai inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida) da soket irin na bango.

Na farkon ya fi tsimin wuta, domin kai tsaye yake ba kwamfuta abin da ta nema, galibi bolt 20. Fawa bankin da kwamfutar sukan daidaita tukuna kafin wutar ta ƙaru, shi ya sa da wuya ya ƙona maka na'ura. Sai dai a duba wat ɗin da ke jikin cajar asali. Idan 65 ne, a sayi mai 65 ko fiye. Wayar caji (kebul) ma ba kowace ba: ta gama-gari iyakarta wat 60. Ƙaramin fawa bankin wayar salula mai bolt 5 kuwa, kada ma a wahalar da shi. Mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan 74Wh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), ƙasa da 100Wh da jiragen sama ke bari a shiga da shi a jakar hannu.

Mai inbata kuma kusan kowace laftof yana ɗauka, har tsofaffin nan masu caja mai zagayen baki. Aibinsa nauyi da asara: ya juya wutar batir zuwa ta gida, caja ta sake juyo ta, wani kaso ya tafi a zafi. Mai arha yakan sa caja ƙugi da ɗumi.

Ni dai in laftof na karɓar caji ta USB-C, na farkon zan ɗauka. Kowanne ne, a raba shi da rana da cikin mota a rufe, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi nan take.