Hotunan tauraron ɗan'adam da na gwada wajen zana taswirar gefen Birni

Bayan daminar bara aka ba ni aikin zana taswirar tudu da kwari ta wata unguwa a gefen Birni, nan Damagaram, inda ruwan sama yake gangarowa daga duwatsu ya kwanta a ƙofar gidajen mutane. Na soma da hotunan Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda ake samu kyauta, ake kuma sabunta su duk kwana 5. Sun yi mini rana wajen gane iyakar tabkuna a watan Satumba, amma kowane ɗigo nasu, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta a hoton, mita 10 ne a ƙasa, saboda haka da na faɗaɗa su a QGIS, manhajar zana taswira, sai lungu da katangar laka suka zama launi ɗaya, alhali wani lungun da ƙyar amalanke take ratsa shi.

Babbar damuwata tsayin ƙasa ce, domin waɗannan hotuna ba sa nuna shi. Na ɗauko bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour na Amurka ya auna a Fabrairun 2000, mita 30 kowane ɗigo. Ga wanda yake duban jiha baki ɗaya sun wadatar, amma a unguwar da bambancin rabin mita yake raba gidan da zai tsira da wanda zai rushe, sun mayar mini da wata hanyar ruwa da na tsaya a cikinta har gwiwa tamkar fili shimfiɗaɗɗe.

Dole ta sa na koma ga tauraron ɗan'adam na Pléiades, mai santimita 50 kowane ɗigo, wanda yake ɗaukar wuri ɗaya ta kusurwa biyu ko uku, ta yadda za a iya lissafa tsayi. Kuɗinsa da nauyi, ba na ɓoyewa, sai dai a nan ne na ga inuwar kowane dutse da bakin kowace magudana. Hoton da aka fara nuna mini na Janairu ne, hazo ya dushe shi, sai na nace a kan na Oktoba, lokacin da gizagizai suka janye kuma ƙurar hunturu ba ta iso ba.

Duk da haka sai da na yi kwana uku ina auna kusurwoyin gine-gine da GPS ta masu safiyo, na ɗaure hoton a kan tsarin awon taswira na yankinmu, wato UTM 32N, kafin layukan tsayin suka dace da alamar laima da wani dattijo ya nuna mini da sandarsa a jikin katangarsa.