Gargaɗi ga masu neman injin LS don Chevelle, Nova ko Camaro: ana sayar da 4.8 da sunan 5.3

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga duk mai tsohuwar motar Amurka irin masu ƙarfin nan na shekarun 1964 zuwa 1972, su Chevelle da Nova da Camaro da GTO, wanda yake shirin sauke mata tsohon inji ya ɗora na zamani. Yawancin masu wannan aiki injin LS na kamfanin GM suke nema, don yana da yawa a wuraren da ake farfasa motoci a Amurka, kayansa kuma ba sa wuyar samu. Yawan masu nemansa ne ya jawo 'yan damfara suka cika Facebook Marketplace da Craigslist da tallace-tallace. Wanda suka fi cuta shi ne mutumin da ya shiga kasuwa bai tsayar da shawarar wane inji, wace giya, wane birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin) yake so ba. Irin wannan mai saye, duk sunan da aka laƙaba wa ƙarfe zai yarda.

Algus ɗin da ya fi yawa shi ne na 4.8 da 5.3, wato inji mai lita 4.8 da mai lita 5.3. Tun 1999 GM ke sa waɗannan injuna biyu a Silverado da Sierra, daga baya a Tahoe da Yukon, kuma bulok ɗinsu ɗaya ne, har rubutun da ke jikinsa cewa yake 4.8/5.3. Faɗin silindarsu milimita 96 ne duka. Bambancin yana ciki: fistin na 4.8 milimita 83 yake tafiya, na 5.3 kuma 92. Daga waje ko tsohon bakanike ba zai raba su da ido ba. Sai mutum ya sayi 4.8 da araha, ya wanke shi tas, ya fesa masa fenti, ya rubuta 5.3 a talla.

Ga yadda ake ganewa. Cire fulogi ɗaya, ka zura ƙaramar kyamarar nan mai doguwar waya ka duba kan fistin. A injunan 1999 zuwa wajen 2006, fistin 5.3 samfurin LM7 yana da kwarmi a tsakiya, na 4.8 kuwa a shafe yake. In ka ga kwarmi, 5.3 ne. In ka ga shafaffe kada ka yi saurin yanke hukunci, domin 5.3 samfurin L33 da wasu 5.3 na baya-bayan nan su ma shafaffen fistin gare su. A nan sai a kwance botom filet, wato tiren baƙin mai da ke ƙasan inji, a karanta lambar karanshaf. Wadda ta ƙare da 216 ta 5.3 ce, wadda ta ƙare da 482 ta 4.8 ce. Aikin rabin awa ne ga injin da ke ƙasa. Mai kayan da ya hana a kwance masa botom filet alhali injin yana kan katako, ya riga ya ba ka amsa.

A yi wa 4.8 adalci, inji ne mai kyau, yana jure wahala, kuma masu sa turbo suna son sa. Laifin shi ne a karɓi kuɗin 5.3 a hannunka, ka je ka sayi kamshaf ka biya a saita birenbos bisa lissafin injin da ba shi ke gabanka ba.

Haka ake yi da 6.0. LQ4 da LQ9 bulok ɗaya ne mai faɗin silinda milimita 101.6, kuma daga 2001 tof silindarsu ɗaya ce mai lamba 317. LQ9, wanda aka sa a Escalade daga 2002 zuwa 2006, fistinsa shafaffe ne, ƙarfinsa doki 345, shi ya sa ya fi tsada. LQ4 fistinsa mai kwarmi ne. Kyamarar nan dai ita za ta raba gardama. A kula da LQ4 na 1999 da 2000: tof silindarsa baƙin ƙarfe ce, kuma gindin karanshaf ɗinsa ya fi na sauran tsawo, don haka ba ya haɗuwa da giyar 4L60E kai tsaye.

Sai kuma LS1 na bogi. LS1 na gaskiya 5.7 ne, ya fito a Corvette a 1997, sannan a Camaro da Firebird a 1998, bulok ɗinsa kuma alminiyam ne. Macuci sai ya ɗauki 5.3 na fikof ya ɗaura masa manifol ɗin iska na LS1, wanda yake ɗauruwa a kan tof silindarsa, ya rufa masa murfin roba mai rubutun Corvette. Tafi da maganaɗisu a aljihu. In ya kama jikin bulok, ba LS1 ba ne, magana ta ƙare. In bai kama ba, da sauran bincike, don akwai 5.3 na alminiyam irin su LM4 da L33. Faɗin silindar LS1 milimita 99 ne, nasu 96.

Nemi lambar VIN, wato lambar shaidar da kamfani ke ba kowace mota, ta motar da aka ciro injin. Harafi na takwas yana faɗin injin da ta fito da shi daga kamfani: V na 4.8 ne, T na LM7, Z na L59 (wani samfurin 5.3), B na L33, U na LQ4, N na LQ9, G na LS1. Sai dai VIN a takarda ba ta tabbatar da cewa daga wannan motar aka ciro wannan injin ba. Birenbos yana riƙe da VIN a cikinsa, a haɗa shi da na'urar dubawa a gani ko sun dace. Ka kuma sa lambar a shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da damfarar inshora a Amurka, kyauta ne, yana nuna motar da kamfanonin inshora suka ba da rahoton an sace ta ko an kwandem ta.

Damfarar da ta fi cin kuɗi a hankali ita ce wadda ake kira cikakken haɗi, wato inji da giya da wayarin da birenbos a farashi ɗaya, da alkawarin ɗorawa kawai za ka yi ka tayar. Sau da yawa tarkace ne aka tsinto daga motoci uku ko huɗu. A jikin karanshaf akwai faifai mai haƙora da sensa ke karantawa, iri biyu ne, 24x da 58x. Sensan yana bayan kik sitata: baƙi na 24x ne, ruwan toka na 58x. Birenbos P01 mai soket ja da shuɗi, da P59 mai kore da shuɗi, 24x suke karantawa. E38 kuwa 58x yake karantawa. In aka haɗa maka injin 58x da P59, za ka yi ta kik har batir ya mutu, wuta ba za ta zo fulogi ba. Gyaran sai dai ka sayi wani birenbos da wayarinsa, ko akwatin da ke juya siginar, ko a sauke karanshaf a canza faifan. Tunda sensa abu ne da ake iya musanyawa da noti ɗaya, cire shi ka haska tocila cikin ramin ka ga haƙoran da idonka.

Duba totur ma. In na lantarki ne, dole a ba ka fedarsa, kuma a injunan fikof na wajen 2003 zuwa 2006 har da ƙaramin akwatin TAC mai sarrafa totur da ya dace da ita. Sannan ka tambaya ko an cire VATS, makullin ɓarayin da ke cikin birenbos. In ba a cire ba, injin zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu.

Giya ita ma ana yin rufa-rufa da ita. 4L60E da aka ciro daga mota mai jan ƙafa huɗu ba za ta yi aiki a Chevelle ba sai an canza shaf ɗin bayanta, kuma ba a kaiwa ga wannan shaf sai an warware giyar gaba ɗaya. Kalli wutsiyarta a hoto kafin komai. In kuma burinka ya haura doki 400, 4L60E da ba a ƙarfafa ba za ta ƙone kulochin giya ta uku da ta huɗu, gara 4L80E, ko da yake ta fi girma har wasu motocin sai an buɗa mata wuri a ƙasa. Mai tsohuwar giya TH350 ko TH400 mai lafiya yana iya barin abarsa, tana ɗauruwa da LS, amma karanshaf ɗin LS ya gaza na tsohon inji da kusan inci 0.4, don haka sai da sifesa da faifan haɗa inji da giya wanda ya dace.

Kuma kalmar ɗorawa kawai ƙarya ce ga injin fikof. Botom filet ɗinsa yana saukowa ƙasa da gadar gaban mota, tudu ɗaya zai fasa shi, sai an canza da na Camaro 1998 zuwa 2002 ko irin na Holley. Manifol ɗinsa dogo ne, a wasu motocin bonet ba zai rufu ba. Tankin da aka yi don kafireto ba ya ba da matsin psi 58 da nozul ke buƙata, sai da sabon famfon mai. Duk wannan kuɗi ne da ya kamata ka lissafa tun kafin ciniki. Masu Mustang su ma su kula: injin Coyote 5.0 na Ford da ke fikof F-150 ba ɗaya yake da na Mustang ba, a 2011 na F-150 doki 360 ne, na Mustang 412, kuma ana sayar da na farkon da sunan na biyun.

Lafiyar injin kuwa ba a jinta a bakin mai kaya. A gwada kwamfireshan na silinda takwas ɗin a gabanka. Ƙa'idar GM ita ce kada ko ɗaya ta gaza psi 100, kuma mafi rauni kada ta gaza kashi 70 cikin 100 na mafi ƙarfi. Buɗe murfin bawul. Tsatsa a ciki, ko laka a manifol, ko kore-kore a bakin soket, alamar ambaliya ce, kuma bayan guguwar Harvey a Houston a 2017 da Ian a Florida a 2022 motoci masu ɗimbin yawa sun nutse, an farfasa su an sayar da kayansu. In tof silindar mai lamba 706 ce ƙirar kamfanin Castech, duba da kyau, an san wasunsu da tsagewa ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. In kuma 5.3 ne na 2007 zuwa sama mai tsarin AFM da ke kashe silinda huɗu, lifta ɗinsa suna yawan maƙalewa su cinye kamshaf, ka sa kuɗin cire tsarin a lissafinka.

Akwai kuma waɗanda ba su da injin ma kwata-kwata. Hoton wani suka sata, suka sa farashi rabin na kasuwa. Da ka yi magana sai a ce mai kayan ya yi tafiya, wani kamfanin jigila ne ke riƙe da injin, akwai mutum uku a layi, ka tura kafin alƙalami ta Zelle ko Cash App ko katin kyauta ko kirifto. In ka tura, gobe sai a nemi kuɗin inshora da wai za a mayar maka. 'Yan'uwanmu da ke yin oda daga Najeriya ko Nijar sun fi kowa shiga haɗari, don sayen kifi a ruwa suke yi. Sa hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani gari. Nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce ya rubuta kwanan wata da wata kalma da ka zaɓa a takarda ya ɗora kan injin, ya haska maka lambar tof silinda da sensan karanshaf. In kana nesa, biya wani bakanike na garin ya je ya duba.

Biyan kuɗi ya zama ta katin kiredit, ko ta cikin eBay, ko PayPal ta hanyar sayen kaya, ba ta hanyar tura wa dangi da abokai ba, don wannan ba ta da kariya. Rasit ya ɗauki samfurin inji, VIN, yawan mil da kwanakin garanti. Wanda aka riga aka cuta ya kira bankinsa a ranar, ya adana hotunan hirar da lambobin asusun da ya tura wa kuɗi, ya kai ƙara IC3 ta hukumar FBI da kuma FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, sannan ya sanar da shafin da aka yi tallan don a sauke shi.